MASU SHATAR MOTA ZUWA HUTUN SALLA: A KULA DA WURIN TSAYAWA

Daga Wakilinmu na Arewa, Garaku

Duk sa'ad da Salla ta gabato, 'yan'uwanmu mazauna kurmi sukan haɗa kuɗi, mutum biyar ko goma, su yi shatar mota guda ta kawo su gida. Dabara ce mai kyau, gama babu baƙon fasinja, kuma babu sauke wannan a ɗauki wancan. Amma wannan sakin jiki shi ne ƙofar da ɓarawo ke bi.

Garaku ita ce hedkwatar Ƙaramar Hukumar Kokona, a Jihar Nasarawa wadda aka cire daga Jihar Filato a 1996. Garin yana kan babbar hanya tsakanin Keffi da Akwanga. Wanda ya taso daga Ikko ko Badun za shi Jos ko Lafiya yakan ratsa ta nan, haka kuma wanda ya fito daga Inugu ko Fatakwal ta Makurɗi za shi Abuja da Kaduna. Kafin matafiyi ya iso wannan yanki ya riga ya gaji liƙis, ga yunwa, ga gyangyaɗi.

Ni kaina na taɓa ganin abin da idona, a wani wurin tsayawa a kan wannan hanya. Mu bakwai muka yi shata. Da direba ya tsaya, sai muka watse gaba ɗaya, wasu wajen alwala, wasu wajen mai abinci. Wani dattijo mai sayar da goro ya bar jakarsa a ƙarƙashin kujera, ga gilashin taga a sauke saboda zafi. Ba mu yi minti goma sha biyar ba, muka dawo babu jaka. Cinikin wata huɗu ke ciki, har da kuɗin da wasu suka ba shi saƙo zuwa gida. Asarar kuɗinsa ba ta dame shi ba kamar yadda zai dubi masu saƙon.

To, jama'a, galibi ba a cikin gudu ake yi wa matafiyi sata ba, sai an tsaya. Saboda haka ga abin da ya kamata a kiyaye.

Da farko, a ɗauki shata a tashar da aka sani, inda 'yan ƙungiyar direbobi ta NURTW, wadda aka kafa a 1978, ko wata ƙungiya mai ofis suka san motar da direbanta. A rubuta lambar motar, a aika wa wani na gida kafin a tashi. Motar bakin hanya tana da araha, amma in abu ya faru ba ka da wanda za ka riƙe.

Na biyu, kuɗi masu yawa su riga ka zuwa gida ta banki. Zamanin ɗaura lalita a ƙugu ya wuce, tun da masu POS sun yawaita a garuruwa. Ɗan guzurin hanya kawai za ka riƙe, shi ma ka raba shi aljihu biyu. Kada ka rubuta lambar sirri ka haɗa ta da katin ATM.

Na uku, waya, da takardun shaida, da sarƙar zinariyar uwargida, wurinsu jikin mai su, ba kan kujera ba. Tsaraba mai tsada a shirya ta a ƙuryar but tun daga tasha, kada a riƙa buɗe akwati a bainar jama'a.

Na huɗu, in an tsaya, a yi karɓa-karɓa. Mutum ɗaya ya zauna a mota har wani ya dawo ya canje shi. In ya zama dole kowa ya sauka, a ɗaga gilashi, a kulle, sa'an nan a ja hannun ƙofa a tabbata ta kullu. A kuma ƙirga kaya a gaban direba wajen lodi da wajen saukewa, domin zato zunubi ne, kada a ɗora wa bawan Allah laifin da bai yi ba.

In kuwa ƙaddara ta faɗa, a kai rahoto caji ofis mafi kusa nan take, a kira banki a toshe katin, a kuma sa a rufe layin waya.

Kowa ya kwana lafiya shi ya so. Allah ya kawo ku gida da guminku cikakke, amin.