Zazzaɓin Q: cutar da raƙuma ke ɗauke da ita ba tare da sun nuna alama ba

A yankunan makiyaya na Sahel, da zarar jiki ya yi zafi sai a ce zazzaɓin cizon sauro ne. Amma akwai wani zazzaɓin da ake ɗauka daga dabbobi, wanda maganin maleriya ba ya yi masa komai. Likitoci na kiran sa zazzaɓin Q, da Faransanci fièvre Q, kuma binciken da aka yi a ƙasashe da dama ya nuna cewa raƙumi na cikin dabbobin da suka fi haɗuwa da ƙwayar da ke haddasa shi.

An fara lura da cutar a 1935 tsakanin ma'aikatan mayanka a birnin Brisbane na Ostireliya. Likita Edward Derrick da ya bi diddiginta bai gano musabbabinta ba a lokacin, shi ya sa ya laƙaba mata harafin Q, farkon kalmar Ingilishi mai nufin tambaya. Daga baya aka gano ƙwayar bakteriyar, aka sa mata suna Coxiella burnetii.

Yawanta a jikin raƙuma

Wani bincike da ya shafi masu kiwon yankin tafkin Cadi shi ne wanda aka yi tsakanin makiyayan lardunan Kanem da Chari-Baguirmi, aka wallafa a 2003. An samu alamar cutar a jinin kashi 80 cikin 100 na raƙuman da aka gwada, alhali a awaki kashi 13 ne, a tumaki 11, a shanu kuwa 4 kacal. A cikin mutane kashi 1 ne, amma masu kiwon raƙuma sun fi sauran makiyaya fuskantar haɗarin. A Aljeriya wani bincike na 2017 ya samu kashi 71, a Tunusiya kuma an samu kashi 44 a 2018.

Waɗannan alƙaluma ba sa nufin cewa raƙuman duk suna kwance. Abin da gwajin ke nunawa shi ne jikin dabbar ya taɓa haɗuwa da ƙwayar har ya yi mata garkuwa. Galibi raƙumi na ci yana sha yana ɗaukar kaya, ba a ganin komai a jikinsa. Wahalar ke nan: makiyayi ba zai iya tantance mai ɗauke da cutar da ido ba.

Abin da ke ƙara haɗari

Na farko shi ne shekaru. Raƙumi dabba ce mai tsawon rai, kuma duk shekarar da ya ƙara a garke wata dama ce ta haɗuwa da ƙwayar. Binciken Aljeriya ya nuna cutar ta fi yawa a raƙuman da suka haura shekara 11, da kuma garken da ya wuce kai 50. A Tunusiya an fi samun ta a jikin taguwoyin da suka taɓa yin ɓari.

Dalilin haka yana wajen haihuwa. Ƙwayar ta fi taruwa a mahaifa, don haka mabiyiya da ruwan haihuwa da ɗan da aka yi ɓarinsa na zubar da ita da yawan gaske. Tana kuma fita ta nono da fitsari da kashi. Idan abin ya bushe, ƙwayar na iya yin watanni a ƙasa, zafin rana bai kashe ta ba, iska kuma ta kwashe ta cikin ƙura zuwa nisan kilomitoci. Ƙwayoyi ƙalilan sun isa su kwantar da mutum idan ya shaƙe su.

Cakuɗa dabbobi ma na taimaka mata. A bakin rijiya, a kasuwar dabbobi, ko a babban taro irin na Cure salée da ake yi a Ingall, raƙuma da awaki da tumaki na haɗuwa wuri guda. Kaska ma na ɗaukar ƙwayar tsakanin dabbobi, kodayake mutane sun fi kamuwa ta hanyar ƙura.

Yadda take kama mutum

Alamu kan bayyana mako biyu zuwa uku bayan kamuwa: zazzaɓi mai zafi, matsanancin ciwon kai, ciwon gaɓoɓi da zufa, wani lokaci har da ciwon huhu ko na hanta. Kusan rabin waɗanda suka kamu ba sa jin komai. Amma a ƙasa da kashi 5 cikin 100 cutar kan zauna a jiki ta taɓa ƙofofin zuciya, kuma tana iya kisa idan ba a yi magani ba. Mata masu ciki na iya yin ɓari ko haihuwar bakwaini. Ƙasar Holan ta ga illarta tsakanin 2007 da 2010, lokacin da mutane fiye da 4,000 suka kamu daga gonakin awakin tatsa, aka kuma kashe dubban awaki don tsayar da annobar.

Abin yi

A tafasa nonon raƙumi kafin a sha, domin zafin wuta na kashe ƙwayar. A ware taguwar da za ta haihu daga wurin kwanan iyali, a binne mabiyiya da ɗan ɓari a rami mai zurfi ko a ƙone su, kada a bar wa karnuka. Mai taimakon dabba wajen haihuwa ya rufe hanci da baki, ya wanke hannu da sabulu. Mai ciki da mai ciwon zuciya su nisanci wurin. Idan ɓari ya yawaita a garke, a sanar da likitan dabbobi na ma'aikatar kiwo.

Cutar na jin magani. Likitoci kan ba da doxycycline na mako biyu, masu ciki kuma ana ba su wani daban. Don haka makiyayi ko mahauci ko dillalin raƙuma da zazzaɓi ya ƙi sakinsa, alhali gwajin maleriya bai nuna komai ba, ya gaya wa likita sana'arsa da irin dabbobin da yake mu'amala da su.