Abin da Ke Hana Bindigar Iska Daɗewa a Hannun Mai Ita

Bindigar iska, wato irin wadda ake karyawa a tsakiya a sa mata ƙwayar dalma guda ɗaya, tana cikin kayan da ba su cika tsufa a hannun wanda ya fara sayensu ba. A Madachi da ƙauyukan da ke kewaye da ita a ƙasar Rano da Kibiya, saurayi kan saye ta da ɗoki bayan kaka, ya yi rani yana bin kurciya da hasbiya, amma kafin ruwan shuka ya sauka sai a ji yana cigiyar mai saye. Idan aka tambaye shi dalili zai ce kuɗin taki yake nema. Wannan gaskiya ne, sai dai galibi akwai wani dalili a cikin ita kanta bindigar wanda ba ya faɗa.

Wannan bindiga ba ta shan albarushi. A cikinta akwai wani sifirin na ƙarfe mai kauri, da fistan wanda aka ɗaura wa fata ko roba a goshi. Idan mutum ya karya bindigar, ya danne sifirin ke nan. Da ya ja kunama sai sifirin ya saki, fistan ya ruga gaba ya matse iskar da ke gabansa, ita kuma ta tura dalmar waje. Saboda haka ƙarfinta duka ya dogara ne ga abu biyu: lafiyar sifirin, da yadda fatar nan take toshe iska. Masu araha da suka bazu a kasuwannin duniya, irin su B2 da B3, ƙirar ƙasar Sin ne, kuma ƙarfensu da aikinsu ba su kai na Diana ta Jamus ko BSA ta Ingila ba, waɗanda kuɗinsu ya ninka nasu sau da yawa.

To, a nan ne hunturu yake yin ɓarnarsa. Iskar nan mai fasa leɓe da dunduniya ita ce take busar da fatar fistan, ƙura kuma ta shiga ta riƙa goge ta. Da fata ta bushe sai iska ta riƙa zurarewa, bindigar da jiya take kayar da hasbiya yau sai dai ta fige mata gashi. Mai ita kuma yakan ƙara mata ciwo da hannunsa. Wani ya bar ta a ɗane tun safe yana jiran tsuntsu, sifirin ya gaji. Wani ya harba ta ba dalma a ciki don ya burge yara, fistan ya doki ƙarfe ba abin da ya tare shi. Mafi muni shi ne mai ɗura mata baƙin mai ko man keke. Man yakan kama wuta saboda matsin iska, a ji ƙara da hayaƙi, mai ita ya yi murna wai ta ƙara ƙarfi, alhali kuwa fatar ce take ƙonewa, sifirin kuma yana neman karyewa.

Lalacewa ba ita ce babbar matsala ba, rashin gyara ne. Bindigar toka, maƙerin gari ne ya ƙera ta, shi ne kuma zai gyara ta. Ta iska kuwa sifirin ɗinta da dalmarta sai an je birni, wani lokaci ma a dawo hannu rabbana. Dalmar da aka fi samu iri biyu ce, mai milimita 4.5 da mai 5.5, kuma ta wannan ba ta yi wa waccan. Mai gyaran keke yana iya yanko fatar tsohon takalmi ya maye gurbin wadda ta mutu, har ta ɗan yi aiki, amma sifirin da ya mutu ya mutu. Abin da ya sa sayarwa ta fi sauƙi ke nan, musamman da yake aibin a ɓoye yake: ƙota tana sheƙi, ƙarar harbi tana nan, mai saye ba zai gane ba sai ya shiga daji.

Akwai kuma waɗanda tun farko sun saye ta ne don aikin da ba nata ba. Mai araha ba ta cika wuce mita 20 zuwa 25 da ƙarfin kashe tsuntsu ba, ga shi makwarwa da zabon daji ba sa bari a matso su haka. Gafiya da zomo kuwa sai dai ta ji musu rauni su tsere. Tun da aka gama madatsar ruwa ta Tiga a 1974 noman rani ya bunƙasa a Kadawa da Kura da Bunkure, wasu manoma kuma suka ɗauka bindigar za ta raba su da jan baki. Tsuntsun da yake sauka dubu-dubu, wanda hukuma kanta sai da jirgin sama take yi masa feshi, ina ƙwayar dalma ɗaya za ta kai shi? Yaro da gwangwani da majajjawa ya fi ta amfani a bakin gona.

Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, doka ba ta ɗauki bindigar iska abin wasa ba. Dokar Makamai ta 1959 ta sa ta a rukuni na biyu, tare da bindigar farauta mai cin harsashi, wanda ba a mallaka sai da lasisin Sufeto Janar na 'Yan Sanda. Bindigar toka ma ta fi ta sauƙi, don ita tana rukuni na uku ne, lasisinta a hannun Kwamishinan 'Yan Sanda na jiha yake. Dokar ta hana bai wa wanda bai kai shekara 17 ba lasisi, ta kuma hana sayar wa wanda bai nuna takardarsa ba. A 2023 Sufeto Janar Kayode Egbetokun ya ba da sanarwar dakatar da bayar da sababbin lasisi. Ke nan cinikin da ake ƙullawa a gindin bishiya, dillali ya karɓi la'adarsa a watse, yana iya jefa mai saye da mai sayarwa gaban alƙali.

Tun daga watan Maris na 2025, lokacin da aka kashe mafarauta 16 'yan Jihar Kano a garin Uromi na Jihar Edo bayan an ga bindigogin toka a motar da ta ɗauko su, riƙe bindiga ya ƙara nauyi a wannan yanki, domin da yawa daga cikin mamatan mutanen Torankawa ne a ƙaramar hukumar Bunkure, maƙwabciyar Rano da Kibiya. Daga nesa ba mai iya bambance bindigar iska da ta gaske, balle a shingen hanya da dare. Uban da ya ga ɗansa ya rataya ta yana da hujjar cewa ya rabu da ita, ko da kuwa a rabin kuɗin da ya saya ne.