Sana'ar Kifin Ado: Lissafin Da Ya Kamata Ɗan Kasuwan Maiduguri Ya Yi

MAIDUGURI – Ajiye kifi mai rai a cikin tankin gilashi domin ƙawata falo, ofis ko otal sana'a ce da ke juya maƙudan kuɗi a duniya, kuma daga cikin kifayen da ke da tsada a cikinta akwai wanda ake kamowa daga duwatsun murjani na tekuna masu ɗumi. Wani rahoto da Hukumar Kula da Muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar a shekarar 2003 ya ƙiyasta cewa ana cinikin irin wannan kifi tsakanin miliyan 20 zuwa 24 a kowace shekara, daga nau'o'i fiye da 1,400.

Murjanin da mata ke sawa a wuya ƙashin wasu ƙananan halittun teku ne, kuma dangoginsu ne ke taruwa su gina duwatsu a ƙarƙashin ruwa, inda waɗannan kifaye masu launi ke rayuwa. Gaɓar tekun Nijeriya ba ta da irin waɗannan duwatsu, saboda ruwan daɗi da laka da Kogin Kwara ke kwararawa a cikinta. Mafi yawan kifin daga Indunusiya da Filifin yake fitowa, sai kuma Kenya da ƙasashen Bahar Maliya. Ke nan duk wanda ya buɗe shago a Bulumkutu, a kan hanyar da ta shigo Maiduguri daga Damaturu, da kuɗin waje zai saya, sa'an nan kifin ya sauka a Legas, mai nisan fiye da kilomita 1,500 a mota.

Matakin farko shi ne sanin kayan. Wanda aka fi nema shi ne ɗan ƙaramin kifi mai ruwan lemo da zane uku farare, wanda fim ɗin Nemo na 2003 ya yi wa suna. Yana da juriya, kuma ana hayayyafa shi a gonakin kifi, don haka ya fi dacewa da mai farawa. Danginsa ƙanana masu launin shuɗi su ma suna da juriya, amma masu faɗa ne, sukan hana baƙon kifi sakat. Akwai kuma babban shuɗi mai wutsiya rawaya, wanda ke da ƙaya mai kaifin aska a gindin wutsiya. Yana buƙatar tanki mai faɗi kuma yana saurin kamuwa da cutar fararen ɗigo. Kifin malam-buɗe-littafi mai faɗin jiki da tsinin baki ya fi su kyau, sai dai wasu nau'o'insa murjani mai rai kaɗai suke ci, sukan mutu da yunwa a tanki. Shi kuwa kifin zaki mai dogayen ƙayoyi yana da dafi, kuma yana haɗiye duk kifin da ya shiga bakinsa.

Har ila yau, a wasu wuraren ana kama kifin ne ta hanyar fesa masa guba domin ya suma. Irin wannan yakan iso da kyan gani, amma ya mutu bayan 'yan kwanaki a hannun mai saye. Kifin da ya ƙi cin abinci a gaban dillali ba abin saye ba ne.

Bayan sanin kifi sai sanin ruwa. Kowace lita ta ruwan teku tana ɗauke da gishiri kimanin giram 35, wato tanki mai lita 200 zai ci kilo 7. Gishirin miya ba ya yi; sai wani haɗi na musamman da ake shigowa da shi, kuma ruwan rijiyar burtsatse sai an tace shi kafin a haɗa. Ba a zuba kifi a sabon tanki sai ya yi mako huɗu zuwa shida, lokacin da ƙwayoyin halittar da ke lalata gubar kashin kifi za su kafu a cikinsa. Haka kuma idan ruwa ya ragu saboda bushewar iska, ruwan daɗi ake ƙarawa, domin gishirin yana nan bai tafi ba.

To, sai dai babbar matsalar Maiduguri ita ce zafi da wutar lantarki. Kifin murjani yana son ruwa mai ɗumin digiri 24 zuwa 27 a ma'aunin Salshiyos, alhali zafin garin yakan haura digiri 40 a watan Afrilu. Dole ne a sami na'urar sanyaya ruwa, tare da famfo da matata da ke aiki dare da rana. In suka tsaya na wasu sa'o'i iskar shaƙa takan ƙare a ruwan, jari ya salwanta. Mazauna garin ba su manta ba da doguwar ɗaukewar wuta da ta faro a Janairun 2021, bayan lalata turakun layin Damaturu, kafin a buɗe tashar wuta mai aiki da iskar gas a 2023. Saboda haka kuɗin faifan hasken rana da batura yana cikin jarin farko.

Wannan lissafi ne ya sa ya kamata a waiwayi gida. Nijeriya ta daɗe tana fitar da kifin ado na ruwan daɗi ta Legas zuwa Turai, Amurka da Asiya, kuma da yawa daga cikin nau'o'in da masu tankuna ke nema a can suna cikin yankin Tafkin Chadi. Akwai gartsa mai jerin ƙayoyi a gadon baya, da ɗan sarki mai iyo gaba da baya, da talibambam mai kumbura, da minjirya mai wutar lantarki, da ƙurungu, da gaiwa. A kasuwar kifi ta hanyar Baga banda ake sayarwa a kwali; a sana'ar ado kuwa ƙaramin kifi mai rai ake saye, ɗaiɗai da kansa. Waɗannan kifaye ba su buƙatar gishiri, sun saba da ɗumin yankin, kuma gartsa da gaiwa suna iya shaƙar iska daga saman ruwa, abin da ke ba su juriya idan famfo ya tsaya.

Hanyar ba ta rasa ƙaya ba. Rashin tsaro ya takaita kamun kifi a tafkin na tsawon shekaru, kuma jigilar kifi mai rai sai da leda mai iskar shaƙa, da akwatin da ke tsare zafi, da jirgin sama. Mai son fitarwa waje kuma sai ya yi rajista da Hukumar Bunƙasa Fitar da Kayayyaki ta Nijeriya, ya sami izinin Sashen Kula da Kifi na Tarayya. Dangane da ilmin sana'ar, akwai Cibiyar Binciken Tafkin Chadi a Maiduguri, da Kwalejin Fasahar Kifin Ruwan Daɗi ta Tarayya da aka kafa a Baga, da cibiyar binciken kifi ta ƙasa da ke New Bussa.

Hausawa sun ce da ruwan ciki ake jan na rijiya. Ɗan kasuwan da ya fara da tanki biyu ko uku na kifin gida zai koyi sarrafa ruwa, ciyarwa da jigila da asara kaɗan, ya kuma auna yawan masu saye a otal-otal da ofisoshin garin, kafin ya sa kuɗin waje a kifin murjani.