Kowane Tsuntsu Da Unguwarsa

Sa'ad da aka aike ni koyon aikin malanta a wata makaranta kusa da Kagoro, wata rana na fita da 'yan aji biyar duban tsuntsaye da sassafe. A bakin gonar dawa muka ta da fakara biyu. Da muka kai gindin dutse sai muka ji kajin dutse suna ta kuka tsakanin duwatsu. Wani yaro ya ce, "Malam, dukansu ga fiffike, ba shinge kuma. Wa ya raba musu wuri?" Na ce masa halinsu ke nan. Yaron ya yi shiru, amma ni na san ban amsa ba, bakinsa kawai na rufe. Ga abin da ya kamata in faɗa masa.

Abu na fari shi ne wurin kansa. Iskar damina daga kudu maso yamma ta ke zuwa, ta bugi duwatsun Kagoro, ta zubar da ruwa mai yawa a gindinsu. Saboda haka a ke samun kurmi mai duhu kamar na Nindam a ƙasarmu, ko da ya ke kewayensa daji ne mai ciyawa da itatuwa jefi jefi. Cikin kurmin akwai tsuntsaye irin na kurmin Kudu, waɗanda ba su iya zama a sarari, gama inuwa da 'ya'yan itatuwan da su ke ci ba su nan. Fakara kuwa gona da ciyawa ta ke so, kazar dutse kuma tana son inda za ta ɓuya tsakanin duwatsu.

Amma wannan bai ƙare magana ba. Sau da yawa wuri ya kan dace da tsuntsu, abinci ga shi, duk da haka ba a ganinsa can. Dalili shi ne wani mai kama da shi ya riga shi zama. In iri biyu suna neman abinci ɗaya da wurin sheƙa ɗaya, ba su daɗewa tare: ko ɗaya ya kau, ko su raba. Ku duba wajen tashar jirgin ƙasa ta Kafanchan. Hasbiya da kurciya duka tsaba su ke tsinta a ƙasa, amma hasbiya kan yi sheƙa a saman manyan gine-gine ko giginya, kurciya kuwa a ƙananan itatuwa. Kamar 'yan kasuwa ne biyu masu kaya iri ɗaya, kowa ya kama rumfarsa.

To, ƙaƙa za a gane ko wuri ne ya hana tsuntsu, ko maƙwabci? Sai a nemi inda maƙwabcin ba ya nan. Haka waɗansu masana biyu, John Terborgh da John Weske, suka yi a duwatsun ƙasar Peru, suka bayyana a 1975. A babban jerin duwatsun Andes, wani tsuntsu na zaune a ƙasa ƙasa, ɗan'uwansa na bisa, kowa da iyakarsa. Da suka hau wani dutse da ke ware shi kaɗai, inda na bisan babu shi, sai suka tarar da yawa daga cikin na ƙasan sun haura har can. Ashe ba sanyi ya tsare su ba, ɗan'uwa ne.

Abin da ya dame ni ke nan game da kurminmu. Kowace shekara ana sare gefensa don katako da itacen wuta da sababbin gonaki. Mu kan ce ai an bar itatuwa da dama, tsuntsaye ba su rasa wurin sauka ba. Amma da zarar rana ta sami ƙofa, ciyawa ta shiga, tsuntsayen sarari su biyo ta, su kuwa sun fi sabawa da irin wurin nan. Na kurmi ba su da inda za su ja da baya, gama kurmin tsibiri ne, babban kurmin Kudu yana da nisa.

'Yan'uwana masu fita koyarwa bana, ku gwada wannan. Ku raba yara kashi uku, gona da dutse da bakin kurmi, kowane kashi ya rubuta tsuntsayen da ya gani da sunan da a ke kiransu a gida, da Hausa ko da harshen iyayensu. Ku bar littafin a makaranta domin malamin da zai gaje ku ya sake ƙidaya.