Takarda, Tawada Da Hatimi: Hanyar Unguwar Lalle Zuwa Ga Wakilanta

A watan Satumba na shekarar 2021 gwamnatin Jihar Sakkwato ta sa aka katse layukan wayar salula a ƙananan hukumomi 14 daga cikin 23 na jihar, har da Sabon Birni da Isa, da nufin toshe wa 'yan bindiga hanyar sadarwa. Ko matakin ya yi amfani ko bai yi ba, wannan muhawarar wata rana ce. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne yadda mutumin Unguwar Lalle ya wayi gari ba shi da hanyar kai kukansa ga wanda ya zaɓa, sai dai ya shiga mota ya bi hanyar da kowa ya san halinta, ko ya damƙa wa direba 'yar takarda. A watan Disamba na wannan shekarar kuma, Bello Turji ya aika wa Sarkin Shinkafi wasiƙa da rubutun hannu cikin Hausa, ya sanya sunan Gwamnan Zamfara da na Shugaban Ƙasa a ciki, jaridu da gidajen rediyo suka yi ta yayata ta. Wato ɗan ta'adda ya san darajar takarda, talakan da ake zalunta kuwa an bar shi da kiran wayar da ba a ɗauka.

An daɗe da maido da layukan, amma raunin waya bai tafi ba. Ɗan majalisa yana iya canza lamba, yaronsa yana iya cewa mai gida yana taro, kuma maganar da aka yi ta baki ba ta da shaida. Mutumin Unguwar Lalle yana da kansila, da ɗan majalisar jiha, da ɗan majalisar wakilai mai wakiltar Isa da Sabon Birni, da sanatan Sakkwato ta Gabas. Kowannensu na iya rantsuwa cewa labari bai zo masa ba. Abin da ba zai iya musantawa ba shi ne takarda mai kwanan wata, wadda ofishinsa ya sa hannu cewa an karɓa.

To, ina talaka zai sami kayan rubuta irin wannan takarda? Nan ne ake yawan karaya. Mutanenmu sun ɗauka wasiƙa ba ta cika wasiƙa ba sai an je birni an buga ta da kwamfuta cikin Turanci, bisa takarda mai tambari. Ni kuwa ina ganin kusan duk abin da ake bukata yana cikin gari. Ƙasar Gobir ba baƙuwar alƙalami ba ce. Tun kafin faɗuwar Alƙalawa a 1808 malamai da sarakuna suke musayar wasiƙu, kuma bayan kafuwar Daular Sakkwato da wasiƙa mai hatimi ake tafiyar da mulki tsakanin Sarkin Musulmi da sarakunan ƙasashe. Takardar ce kaɗai ake sayowa daga ƙetare ta hanyar Sahara, irin mai alamar wata uku da ake yi a Italiya. Tawada da alƙalami da gafakar da ake adana takardun duk aikin gida ne.

Mu fara da takarda. Falle biyu na tsakiyar littafin rubutun 'yan makaranta ya wadatar, muddin yana da tsabta. A ja layi a sama da abin awo, a rubuta sunan ƙungiyar gari ko ta manoma da manyan baƙaƙe, da sunan gunduma da ƙaramar hukuma, da lambar wasiƙa. Wannan shi ne tambarin da ake tsoro, ba wani abu ba. Hatimi kuma, duk yaron da ya iya sassaƙa zai yanka shi da reza a jikin tsohon silifa ko robar taya, sai dai ya tuna cewa a juye ake sassaƙa baƙaƙen, in ba haka ba su fito a birkice. Ambulan ana naɗe shi da bayan tsohuwar kalanda a liƙe da ƙaro.

Batun tawada yana son lura. Tawadar allo, wadda ake yi da gawayi da ƙaro, don a wanke ta aka yi ta, saboda haka ɗigon ruwa kaɗan zai shafe koken gari guda. Tawadar da ke kama takarda ita ce ta bagaruwa da kashin maƙera, haɗin da dukawa suka sani wajen baƙanta fata. Ba ina cewa a jefar da biro ba, don biro ya fi sauƙi kuma ya fi arha. Ina nufin dai ranar da kasuwa ba ta ci ba saboda an tare hanya, kada a ce rashin biro ya hana rubutu.

Abin da ya fi duk waɗannan muhimmanci shi ne kwafi. A rubuta kowace wasiƙa sau biyu, ko a sa takardar kabon. Ɗan aike ya miƙa ɗaya, ya nemi a sa hannu da kwanan wata a kan ɗayar, ya dawo da ita gida. A keɓe littafi guda a hannun limami ko sakataren ƙungiya, a riƙa shigar da ranar da aka aika, da wanda aka aika wa, da ko an sami amsa. Idan kakar zaɓe ta zagayo, aka zo da tamburra da alkawura, wannan littafin ne za a buɗe a gaban ɗan takara.

Da wane harshe za a rubuta? A nan ne sana'ata ta shigo. Sashe na 55 na Tsarin Mulkin 1999 ya ambaci Hausa cikin harsunan da Majalisar Tarayya za ta iya aiki da su idan an yi tanadin da ya dace, sashe na 97 kuma ya ba majalisar jiha damar amfani da harshen da ake yi a jihar bayan Turanci, idan ta zartar da hakan. Ban ga dalilin da zai sa Bagobiri ya biya wani ya mayar masa da kukansa Turanci ba, sannan a kai wa wakilin da shi ma Bagobiri ne. Na sha karanta irin waɗannan wasiƙu da aka fassara, sai in ga zafin maganar ya salwance cikin kalmomin ofis. Ya rubuta da Gobirancinsa, ya ce “wanga” da “hwari” yadda bakinsa ya saba, ba wanda zai kasa ganewa a Sakkwato. Wanda bai yi boko ba ya rubuta da ajami. Tun da aka cire ajami daga ƙananan takardun Naira a 2007 wasu ke ɗaukarsa kamar ba rubutu ba ne, alhali a ƙauyukanmu dattawa da yawa da shi kaɗai suke karatu. Wajibi ne ofishin kowane ɗan majalisa a wannan yanki ya ajiye mai karanta ajami, kuma samunsa ba wuya.

Sai dai akwai haɗarin da ba zan ɓoye ba. A yankin da 'yan bindiga ke ɗora wa garuruwa haraji, suke da masu kai musu rahoto, jerin sunaye a ƙasan takardar koke na iya zama jerin waɗanda za a farauta. Yankin da aka sace Sarkin Gobir na Gatawa, Alhaji Isa Muhammad Bawa, aka kashe shi a watan Agusta na 2024, ba wurin da za a yi wasa da sunan talaka ba ne. Wannan ne ma ya sa na nace a kan hatimi. Idan koken ya shafi tsaro, hatimin ƙungiya ya tsaya a madadin sunaye, kada a ambaci wanda ya ga abu ko ya faɗa, kuma littafin kwafi ya zauna a hannu guda. Idan kuwa maganar rijiya ce, ko rufin makaranta, ko taki, to kowa ya sa hannu ko ya dangwala yatsa, domin a nan yawan hannu shi ne ƙarfin takarda.

Doka da kanta takarda ta sani. Sashe na 69 da na 110 sun tanadi cewa kiranye ga ɗan majalisa yana farawa ne da takardar koke mai sa hannun fiye da rabin masu rajistar zaɓe na mazaɓar, a miƙa wa shugaban hukumar zaɓe. Hawa ne mai tsawo, an gwada shi a kan Sanata Dino Melaye a Jihar Kogi tsakanin 2017 da 2018 bai kai ga nasara ba. Ba kiranye nake kira a yi ba. Wasiƙar farko da nake so in ga ta fito daga Unguwar Lalle gajera ce: buƙata guda, a shafi guda, da ranar da ake jiran amsa, a aika wa wakilan nan huɗu a mako guda.