Indomin salansa: Hajar da ke ƙarƙashin mota da shari'ar masu ƙirƙirarta

A 'yan shekarun nan, masu sauraren shirinmu na harkokin kasuwa, musamman 'yan uwa da ke zirga-zirga tsakanin Wad Madani da Sinnar da Sinja, har zuwa Damazin da Kurmuk a kan iyakar Habasha, sun sha aiko mana da tambaya guda, wato mene ne a cikin wannan 'yar tukunyar ƙarfe da ke jikin salansar mota, wadda masu sayen gwangwan ke biya mata kuɗin da ya fi na sauran salansar gaba ɗaya? Wasu kuma cewa suke yi an kawo musu sabuwa a kwali, an rubuta lambar mallaka a jikinta, shin wannan lambar shaida ce ta inganci? Wannan ne ya sa muka bi diddigin lamarin.

Kanikawan Nijeriya suna kiran abin da suna indomi, domin idan aka tsaga tukunyar za a tarar da wani dunƙule mai ƙananan ramuka jere reras, kamar taliyar da ba a jiƙa ba, ko kuma saƙar zuma. Da wata irin ƙasa da aka gasa ake yin sa, kuma a faɗin murabba'in inci ɗaya kacal ana samun ramuka wajen 400. An shafe cikin ramukan da ƙarafa uku masu daraja, wato filatinam da faladiyam da rodiyam. Ba su da yawa, 'yan giram ne a mota guda, amma su ne dukiyar. Idan hayaƙin inji ya ratsa ta cikinsu da zafi, sai su juya gubar da ke cikinsa, ciki har da irin iskar nan da ke kashe mutane idan aka kwana da janareta a ɗaki, ta koma iskar da ba ta da wannan illar. Su ƙarafan ba sa ƙonewa, shi ya sa ko mota ta mutu ana iya narkar da dunƙulen a tace su.

Mafi yawan filatinam da rodiyam na duniya daga Afirka ta Kudu ake haƙo su, faladiyam kuwa Rasha da Afirka ta Kudu ne ke kan gaba. A watan Maris na 2021 farashin oza ɗaya na rodiyam, wato giram 31 da ɗoriya, ya kai kusan dala 29,000, a lokacin da ozar zinari ba ta kai dala 2,000 ba. Nan ne ɓarayi suka dinga shiga ƙarƙashin motoci da zarto a biranen Amurka da Ingila. Sai dai kuma kafin tsakiyar 2023 farashin ya faɗo ƙasa da dala 5,000. Duk wanda ya tara kaya a shago yana jiran a ƙara masa, ya ji a jikinsa.

Idan mai karatu bai manta ba, a da ana zuba darma a cikin fetur domin inji ya yi laushi, ita kuwa darma tana liƙe fuskar waɗannan ƙarafa ta kashe aikinsu. Saboda haka motoci da dama da aka yi wa kasuwannin Afirka a wancan zamani ba a ma sa musu indomi ba. A taron Dakar na 2001 ne ƙasashen Afirka kudu da Sahara suka yi alkawarin daina sayar da fetur mai darma, aka kuma cika alkawarin a farkon 2006. Aljeriya ce ta ƙarshe a duniya, a 2021. Don haka ɗan kasuwa ya sani, ba kowace tsohuwar boksi ko lori ce ke da wannan kaya ba, kuma ba kowace tukunya da ke jikin salansa ce indomi ba. Wata don rage ƙara kawai aka sa ta.

To, wa ya ƙirƙiro shi? Wani injiniya haifaffen Faransa da ya koma Amurka, mai suna Eugene Houdry, shi ne ya karɓi takardar mallakar ƙirƙira a kansa a shekarun 1950, amma darmar da ke cikin fetur ta hana abin tasiri. Sai da Amurka ta yi dokar tsabtace iska a 1970, aka tilasta wa kamfanoni rage hayaƙi, sannan motocin 1975 suka fara fitowa da shi. Dunƙulen mai ramuka aikin wasu mutum uku ne a kamfanin Corning, wato Rodney Bagley da Irwin Lachman da Ronald Lewis. Samfurin da ke maganin guba iri uku a lokaci guda kuwa, John Mooney da Carl Keith ne na kamfanin Engelhard suka yi shi.

A nan ne maganar takardar mallaka ta shigo, kuma muna roƙon mai karatu ya ɗan yi haƙuri da mu, domin nan ne ake damfarar mutane. Ita wannan takarda yarjejeniya ce tsakanin hukuma da mai ƙirƙira. Shi zai bayyana sirrin abinsa a rubuce kowa ya gani, ita kuma hukuma ta hana wani ya ƙera ko ya sayar da irinsa ba da izininsa ba na tsawon shekara 20. Bayan nan ya zama na kowa. Ke nan takardun Houdry da na mutanen Corning sun daɗe da ƙarewa, kowane kamfani a Sin ko Indiya yana da damar ƙera irin wancan tsohon samfurin ba tare da ya yi laifi ba.

A manyan ofisoshin rajista na Turai da Amurka da Jafan, ba a bayar da takardar sai jami'in bincike ya duba abu uku. Abin sabo ne? Yana da amfani a masana'anta? Na ukun shi ne mai wuya, wato shin abu ne da duk wani gwani a wannan sana'a zai iya hangowa da kansa idan ya duba abin da aka riga aka sani? Idan haka ne, babu takarda, ko da kuwa ba a taɓa yin sa ba. Misali, maƙerin da ke Mai Wurno ya saba sa wa fartanya ƙotar wani itace, yau sai ya sa mata ta wani daban. Wataƙila shi ya fara, amma kowane maƙeri zai ce ai wannan ba sai an koya masa ba. In kuwa ya gano wata hanyar sarrafa ƙarfe da ta sa fartanya ta shekara ba ta dakushe ba, alhali sauran maƙera sun gwada sun kasa, to wannan maganar daban ce.

Wannan ƙa'ida tsohuwa ce. A 1851 Kotun Ƙolin Amurka ta soke takardar wasu mutane da suka ƙera mariƙin ƙofa da yumɓu da tangaran maimakon katako ko ƙarfe, tana mai cewa sauya kayan haɗi kawai aikin ƙwararren ma'aikaci ne, bai kai ƙirƙira ba. A 2007 kotun ta sake jaddada hakan a shari'ar kamfanonin KSR da Teleflex, a kan totur ɗin mota.

A harkar indomi kuwa rigimar ta fi zafi, domin ƙarafan sanannu ne, kowa da su yake aiki. Abin da ake tsere a kai shi ne yadda za a rage tsadar ƙarfe, da yadda abin zai jure zafi. Akwai wani gari mai suna siriyam oksayid da ake shafawa tare da ƙarafan, wanda ke riƙe iska ya sake ta lokacin da ake buƙata. Matsalarsa ita ce zafi na sa ƙwayoyinsa su dunƙule, aikinsa ya ragu. Kamfanin Anan Kasei na Jafan ya mallaki takarda a kan wani nau'insa da ko an gasa shi awa 5 a zafin digiri 900, giram ɗaya nasa zai ci gaba da samun fuska mai faɗin murabba'in mita 30 ko fiye. Shi da kamfanin Rhodia na Faransa suka maka kamfanin Molycorp, wanda ya koma Neo, a babbar kotun Landan, suna zargin ya sayar da irin wannan gari. Neo ya kare kansa da cewa takardar ba ta da tushe, domin duk wani masani zai iya kai wa ga haka daga abin da aka riga aka wallafa. A 2018 kotu ta ƙi wannan hujja, ta ce takardar tana nan daram kuma an keta ta, a 2019 kotun ɗaukaka ƙara ma ba ta soke ta ba. Garin da bai cika tafin hannu ba a mota guda, amma ya ci lauyoyi shekaru.

Wani hanzari ba gudu ba, takardar mallaka iyakarta ƙasar da aka yi mata rajista. Ta Ingila ba ta aiki a Sinja. Sudan tana da dokarta ta 1971, kuma mamba ce a ƙungiyar ARIPO mai hedikwata a Harare. Nijar tana cikin OAPI mai hedikwata a Yawunde, inda takarda guda ke aiki a ƙasashe 17. Nijeriya ba ta cikin ko ɗaya, kuma dokarta ta 1970, duk da cewa ta ambaci waɗancan sharuɗɗa uku, ba ta ɗora wa magatakarda binciken su ba. Cikar takardu kawai yake dubawa, dokar ma ta faɗa ƙarara cewa ana bayar da takardar ne ba tare da tabbacin ingancinta ba; wanda bai yarda ba ya tafi Babbar Kotun Tarayya.

A ganinmu, wannan ya isa amsa ga masu tambaya a kan lambar da ke jikin kwali. Ko da lambar ta gaskiya ce, abin da take nufi shi ne wani ya yi iƙirarin ƙirƙira a wata ƙasa a wata shekara. Ba ta ce komai ba game da yawan ƙarfen da aka shafa a cikin wannan da ke hannunka. Sabon indomi mai araha sau da yawa ƙarfensa kaɗan ne ƙwarai, shi ya sa masu tacewa ba sa ba shi daraja kamar wanda ya fito da motar daga kamfani. Lambar da masu saye ke dubawa ita ce wadda kamfanin mota ya buga a jikin ƙarfen tukunyar, da ita suke gane samfurin su yanka farashi, domin biyu masu girma ɗaya na iya bambanta ninki-ba-ninki. Wanda ya fasa ya zuba garin a buhu ya ɓatar da wannan shaida, sai abin da mai saye ya ga dama.

Akwai kuma abin da ba za mu tsallake ba. Tun da yaƙi ya ɓarke a ranar 15 ga Afrilu, 2023, musamman bayan dakarun RSF sun shiga Wad Madani a Disambar wannan shekara, da Sinja a tsakiyar 2024, an kwashe motocin jama'a masu ɗimbin yawa, wasu aka tsallaka iyaka da su, wasu aka farke su. Sojoji sun karɓe Sinja a Nuwambar 2024, Wad Madani kuma a Janairun 2025, mutane suka fara komawa suna cigiyar dukiyarsu. Ƙauyukanmu na Jazira da Nilul Azraƙ, waɗanda kakanninmu suka zauna tun bayan yaƙin Burmi na 1903, ba su tsira daga wannan asara ba. Indomin da yaro ya kawo maka da alamar zarto a bakinsa, ba mota ba takarda, mai yiwuwa na maƙwabcinka ne. Bahaushe dai ya ce ba a ɓarawo sai da mai saye, kuma a shingen bincike wanda aka samu da kaya shi ake tambaya.

Su kuma masu sayen mota ta hannu a bakin iyaka, a sa bakanike ya shiga ƙarƙashinta kafin a biya. Sabuwar walda a gaba da bayan tukunyar alama ce an taɓa buɗe ta. Idan aka ƙwanƙwasa ta yi amo kamar gwangwanin da ba komai, an kwashe. Idan ta yi kacau-kacau, dunƙulen ya farfashe. A tayar da injin a saurara, a kuma duba ko fitilar gargaɗin inji tana kamawa idan an murɗa makulli sannan ta mutu, domin wasu dillalan kan cire ƙwanta don kada ta tona musu asiri.