RAIRAYI YANA GUDU: YAYA AKE TSAI DA SHI?

Duk manomin ƙasar Tasawa da Mayahi ya san wannan abu. An yi ruwan shuka. Hatsi ya fito kamar kan allura. Sai hadari ya taso daga gabas da iska mai ƙarfi. Kafin ruwa ya sauka, rairayi ya bugi shuka, ya ƙone ta, ya rufe ta. Dole a sake shuka. Wani ya sake sau biyu, wani sau uku, har irin da ke cikin rumbu ya ƙare.

Rairayin nan da ya tashi, ƙasar gona ce. Ita ce ta sama, mai taki. In ta tafi, sai a bar manomi da fako.

Abin da ke faruwa a bakin teku

Ba mutanen jigawa kaɗai rairayi ke ba wahala ba. Ƴan ci-rani da suka je Kwatano ko Ikko sun ga teku. Can ma ƙasa tana gudu, amma ruwa ne ke ɗaukar ta.

A wannan gaɓa, igiyar ruwa tana tura rairayi daga yamma zuwa gabas. Ta ɗebe a nan, ta zuba a can. Da aka gama gina tashar jiragen ruwa ta Kwatano a 1965, ginin ya tare hanyar rairayi. Sai ya taru a yamma da tashar. Gabas kuwa ba ta ƙara samun nata rabo ba. Teku ya ci gaɓa, ya ci gidaje da hanyoyi.

Mene ne maganin da mutanen gaɓa suka samo? Suna mayar da rairayin da ya tafi. Manyan jirage suna zuƙo shi daga ƙarƙashin teku, su zuba a bakin gari. Igiyar ruwa ta bugi rairayi, ƙarfinta ya mutu kafin ta kai ga gidaje. An sha yin haka a Ikko. A ƙasar Holan, a 2011, an zuba rairayi mai yawan mita kubik miliyan 21 da rabi a wuri guda, aka bar ruwa da iska su raba shi a gaɓa sannu sannu.

Amma aikin yana cin kuɗi ƙwarai. Kuma teku ba ya gajiya. Bayan ƴan shekaru sai an sake zubawa. Don haka ake jera duwatsu, ake dasa ciyawa a kan tuddai, don rairayin ya samu abin riƙewa.

Ga darasin: rairayi ba ya zama sai da abin da zai riƙe shi.

Me ya sa ƙasar nan take gudu?

A da, akwai itatuwa da yawa cikin gonaki, kuma ana barin saura ta huta. Mutane sun ƙaru. Gonaki sun haɗe da juna. An sassabe daji ƙwal. Bayan girbi ana kwashe kara duka, don dabbobi da wuta da darni. Fari na 1973 da na 1984 sun kashe itatuwa masu yawa. Sai gona ta zauna tsirara tun daga hunturu har zuwa bazara.

A Gulbin Kaba ma haka ne. Wannan kwari ya ratsa ƙasar Tasawa da ta Mayahi, kuma kaba ce ta ba shi suna. Da ita mata ke saƙa tabarmi, da ita ake tufka igiya. Amma in ana yankan ta kullum har gindi, ba ta girma ta zama goriba. In babu goriba, iska ta samu hanya.

Yadda ake tsai da rairayi

Manomin jigawa ya fi mutumin gaɓa sa'a a wuri ɗaya: shi ba ya sayen rairayi. Iska ce ke kawo masa kyauta. Aikinsa shi ne ya ɗana mata tarko.

1. Barin kara a gona. In an shimfiɗa karan hatsi ko reshe a kan fako, iska tana tuntuɓe da su, ta zubar da kayanta. Gara ta ci karan, ta huda ƙasa. In damana ta zo, ruwa ya shiga.

2. Sassabin zamani. Kututturen kalgo, da sabara, da gawo ba su mutu ba. Saiwarsu tana da rai. Lokacin sassabe, manomi ya zaɓi rassa masu ƙarfi, daga ɗaya zuwa biyar, ya bar su. Sauran ya yanke da wuƙa mai kaifi. Icce mai tsohuwar saiwa ya fi na dashe saurin girma.

3. Jerin gamba. A dasa gamba a iyakar gona, ta ɓangaren da iska ke fitowa. Tana tare rairayi, kuma a samu ta zana.

4. Shinge a kan tudu. Inda tudun rairayi ke matsowa ga gari ko rijiya, sai a kafa shingen kara ko na rassa, ya gicciye hanyar iska. Tsawonsa ya kai kamar ƙugun mutum. Kada a toshe shi kamar bango. Shinge mai ƴan kafofi shi ke rage ƙarfin iska, rairayi ya zube a gindinsa. In tudun babba ne, a yi shingen gida gida, kamar gurbin dara. Da damana a dasa aguwa da itatuwa a ciki.

5. Tsaro. Wurin da aka gyara yana son hutu na ƴan shekaru. In akuya ta shiga, aikin ya koma baya. Sai an zauna da mai gari, da manoma, da makiyaya, an yi shawara guda.

An gwada, an gani

Wannan ba tatsuniya ba ce. A 1975, a kwarin Majiya, wajen Buza, ma'aikatan daji da ƙungiyar CARE sun fara dasa dogon yaro jeri bibbiyu, da tazarar mita 100. Iska ta ragu a gonaki, amfanin gona ya ƙaru.

A watan Mayu na 1984, zamanin Seyni Kunce, an yi babban taro a Maraɗi kan yaƙi da hamada. A waɗannan shekaru ne wani ma'aikaci ɗan ƙasar Ostareliya, Tony Rinaudo, ya shiga yaɗa sassabin zamani tare da manoman jihar Maraɗi. Da farko an yi wa masu yin sa dariya, ana cewa gonarsu ta yi datti. Daga baya maƙwabta suka ga itacen wuta, da abincin dabbobi, da hatsin da bai rufu ba. Sai suka kwaikwaya. Bayan shekara 20, masu bincike sun ƙiyasta cewa itatuwa wajen miliyan 200 sun dawo a kan hekta miliyan 5, galibi a jihohin Maraɗi da Damagaram.

A da manomi yana tsoron barin icce, don yana ganin na gwamnati ne. A 2020 an fitar da doka kan sassabin zamani, wadda ta ba manomi ikon amfana da iccen da ya raina a gonarsa.

Abin da ya rage

Lokacin aikin nan shi ne bayan girbi, tun kafin iskar hunturu ta yi ƙarfi. Mai jiran bazara ya makara. Da tsohuwar zuma ake magani: tsofaffin gari sun san inda iska ke shigowa, sun san inda itatuwa suke a da. Ya kamata ɗaliban yaƙi da jahilci su karanta musu wannan labari a dandali, su tambaye su, su rubuta sunayen wuraren da suka lalace. Sannan gari ya zaɓi wuri ɗaya, ya fara da shi a bana.